Tikitin Cacar Ƙwallo: Wa Ke da Ikon Fassara Sharaɗi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar bisashe ta Balbeji, ko ta Tanut, ko ta Bakin Birji ranar da take ci, ya ga yadda ake ƙulla cinikin raƙumi ko na bijimi, ya san mutanen Damargu ba baƙi ba ne ga sha'anin yarjejeniya, domin tun zamanin da ayarin Abzinawa ke gangarowa da gishirin Bilma da dabino su koma arewa da geron ƙasar nan, kakanninmu suka tsayar da wata ƙa'ida wadda ba a rubuce take ba amma babu wanda ya jahilce ta: mai saye ya taya, mai dabba ya yi ta cewa albarka har a kai inda ransa ya kwanta ya sallama, dillali na tsakani, shaidu na ji, in kuwa akwai aibi a jikin dabbar sai a ambace shi a bainar jama'a tun ba a ƙirga kuɗi ba. Idan gardama ta taso bayan kwana bakwai, akwai wanda za a kira, akwai wanda ya ji da kunnensa, akwai kuma mai gari ko hakimi da zai zaunar da su biyun a ƙofar gidansa.

To, a ƴan shekarun nan wani irin ciniki ya shigo ƙasar wanda ba shi da dillali, ba shi da shaidu, ɗaya daga masu ƙulla shi kuma ba a san fuskarsa ba, shi ne cacar ƙwallon ƙafa. A da abin da aka sani a manyan garuruwan Nijar shi ne rumfunan LONANI, hukumar caca ta ƙasa, inda ake yankan tikitin sukuwar dawakan da ake yi can Faransa; yanzu kuwa da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, kuɗi kuma suka koma tafiya ta cikinta, sai ka ga saurayi yana zaune a fada ana zagayawa da shayi, ko ɗan kabu-kabu yana jiran fasinja a bakin hanyar Agadas, ko wanda ya dawo daga ci-rani a Libiya ko daga ramin zinariya na Jado da ɗan abin da ya tara, ya danna waya ya zuba dala ɗari a kan wasannin Ingila da Sifaniya. Galibi kuɗin tafiya suke yi ba dawowa, wannan kuwa ba ya jawo rigima, don wanda ya faɗi ya san ya faɗi. Rigimar tana tashi ne ranar da mutum ya sakankance ya ci, har ya fara lissafin babur ko na sadaki, sai gidan caca ya ce masa a'a, sharaɗi kaza ya hana.

Hukuncin caca a Musulunci ba ya bukatar dogon bayani ga mutanen da suka tashi a makarantar allo. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara da ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun gama magana, malaman Malikiyya kuma, tun daga mai Risala, Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, sun ɓata duk cinikin da garari ko jahala suka shiga cikinsa, har suka buga misali da sayar da raƙumin da ya ɓace da kifin da ke cikin kogi. Abin da suka yi rangwame a kansa shi ne tseren dawaki da na raƙuma da harbin kibiya, shi ma bisa sharuɗɗa masu tsauri, ba wai ɗan kallo ya zuba kuɗi a kan gudun wani ba. Wannan maƙala ba ta zo don halatta abin da aka haramta ba. Sai dai wa'azi na tafiya tikiti kuma na yankuwa, kuma sau da yawa wanda ƙurar ke bi ta kansa ba shi ya yi cacar ba: uba ne da aka ɗebar masa tiyoyin gero daga rumbu aka kai kasuwa, ko wa da aka buɗe asusu da katin shaidarsa, ko mai unguwa da aka kawo wa ƙara. Waɗannan suna da haƙƙin sanin abin da ke cikin takardar da ƴaƴansu da ƙannensu ke amincewa da ita ba su karanta ba. A Kano hukumar Hisba ta rufe shagunan caca kimanin 30 cikin watan Oktoba na 2024, amma shagon da ke cikin waya ba shi da ƙofar da za a sa wa kwaɗo.

A wajen dokar ƙasa tikitin nan aƙadi ne, da ijabinsa da ƙabulinsa, ƙabulin kuwa shi ne ɗan akwatin nan da mutum ke dangwalawa ranar da ya buɗe asusu, mai cewa ya karanta sharuɗɗa ya kuma yarda da su. Sharuɗɗan nan shafuka ne masu yawa, da ƙananan baƙaƙe, da Faransanci irin na lauyoyi, wani lokaci ma fassara ce daga Ingilishi wadda ta ƙara dagula ma'ana. Kamfani shi kaɗai ya tsara su, ya kuma ba kansa ikon sauya su duk sa'ad da ya ga dama, kai kuwa sai dai ka karɓa ɗungurungum ko ka bari ɗungurungum. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki, amma wannan bai sa mutumin Gangara ko na Olelewa ko na Tarka ya iya warware jimlar lauya mai layi shida a kan gilashin waya da ya tsage ba.

Bari mu fara da mas'alar da ta fi kowace haddasa rantse-rantse. Ranar 18 ga Disamba 2022, a Ƙatar, Ajantina ta ɗauki kofin duniya a hannun Faransa, duniya duka ta ga Messi ya ɗaga shi; amma duk wanda ya yanki tikiti na yau da kullum cewa Ajantina za ta ci, kuɗinsa sun tafi, domin a ƙa'idar gidajen caca sakamakon wasa shi ne abin da ke kan allo bayan minti 90 da ɗan ƙarin da alƙalin wasa ya yi na ɓata lokaci, a sa'an nan kuwa 2 da 2 ake, ƙarin rabin sa'ar da aka tashi 3 da 3 da bugun daga kai sai mai tsaron gida da aka yi 4 da 2 duk ba su cikin lissafi, sai fa ga wanda ya zaɓi wani layi dabam mai tambayar wa zai ɗauki kofi. Haka aka yi ranar 7 ga Fabrairu 2024 a Buwake ta Kodebuwa, da Najeriya ta fitar da Afirka ta Kudu da bugun fanareti bayan an yi 1 da 1. A haƙiƙa wannan ba shubuha ba ce. Sharaɗi ne a rubuce sarai, wanda gidajen caca suka yi tarayya a kansa, kuma babu alƙalin da zai karya shi don kawai mai ƙara bai karanta ba. A ganina kaso babba na kukan da ake yi a fada cewa an cinye wa wane kuɗi daga wannan jinsin yake, kuma faɗa wa yaro gaskiya a nan ya fi taya shi zagi alheri.

Kusa da wannan akwai sha'anin mai gida da baƙo. A kan tikiti lamba 1 tana nufin mai masaukin baƙi, lamba 2 tana nufin baƙo. To, Mena, ƙungiyar ƙasarmu, ta daɗe tana karɓar baƙinta a ƙasashen waje saboda filin Janar Seyni Kunce na Yamai bai cika ƙa'idojin hukumar ƙwallon Afirka ba, har ta kai ranar 21 ga Maris 2025 Nijar ce mai gida a takarda alhali a birnin Wujda na Maroko ake wasan, da Marokon kanta, wadda ta ci 2 da 1. Wanda ya ji a rediyo cewa a Maroko za a buga, ya danna 1 yana nufin Maroko, ashe Nijar ya zuba wa bai sani ba. Niyya tana da matsayi babba a wurin Ubangiji, na'ura kuwa lambar da aka danna take gani.

Inda shubuha ta gaskiya ke farawa shi ne wasan da ba a buga ba, ko wanda aka fara ba a ƙarasa ba. A watan Yuni na 2024 Kongo Barazabil ba ta je Kinshasa ba, inda aka shirya za ta karɓi Mena, sai FIFA ta ba Nijar nasara da ci 3 da nema. A watan Oktoba na 2024 kuma, bayan ƴan wasan Najeriya sun kwana yashe a filin jirgin sama na Al-Abraƙ a Libiya sun koma gida ba su buga ba, hukumar ƙwallon Afirka ta yanke musu irin wannan nasarar. Shin wanda ya zuba cewa Nijar za ta ci, ya ci ne ko bai ci ba? A jadawalin gasa Nijar ta sami maki 3. A mafi yawan gidajen caca kuwa hukuncin ofis ba ya shiga, sai abin da ya auku a fili, saboda haka sai a soke wasan daga tikiti. Sokewar nan kuwa ba ƙaramin abu ba ce ga masu haɗa wasanni da yawa a tikiti guda, wanda shi ne abin da samarinmu suka fi ƙauna. A ƙaddara yaro ya haɗa wasa 10, kowane da ribi 1.90 (lambar da ake ninka kuɗin da aka zuba da ita), ya zuba dala ɗari, watau sefa 500: abin da tikitin ya nuna masa a ƙasa ya ɗan haura jika 306. In aka soke wasa ɗaya aka mai da ribinsa 1.00, ko da sauran taran duk sun shigo, abin da zai karɓa ya koma jika 161 da ɗoriya, kusan rabi ya zube. In kuwa ɗage wasan aka yi, wani gida yana jiran sa'a 24 kafin ya soke, wani 48, wani fiye da haka, kowane da nasa wa'adin, har ya zama abokai biyu sun zuba abu ɗaya a gidaje biyu, an biya ɗaya an hana ɗaya, kuma ba a zalunci kowa ba bisa takarda. Tun da lissafi ya kawo mu nan, ya kyautu a sani cewa in da kowane wasa daga cikin goman nan rabi da rabi ne, ribin adalci 2.00 ne ba 1.90 ba, ɗan gibin nan shi ne abincin gidan caca, kashi 5 cikin 100 a wasa guda, amma in aka jera goma sai ya taru ya kai kimanin kashi 40, damar cin tikitin kuma ɗaya ce cikin 1,024.

Misalin da ya fi kowane nuna yadda lafazi guda ke ɗaukar ta'awili biyu shi ne wasan Tunisiya da Mali na ranar 12 ga Janairu 2022 a Limbe ta Kamaru, inda alƙalin wasa Janny Sikazwe, mutumin Zambiya, ya busa tashi a minti na 85, aka ankarar da shi aka ci gaba, ya sake busawa tun minti 90 ba su cika ba. Da aka nemi ƙungiyoyin su dawo fili daga baya, Mali ta dawo, Tunisiya ta ƙi, hukuma ta tabbatar wa Mali nasararta ta 1 da nema. Ga sharaɗi yana cewa sakamako shi ne na bayan minti 90, ga wani sharaɗin yana cewa sakamako shi ne wanda hukumar gasa ta tabbatar, ga kuma wasa da bai cika 90 ba amma hukuma ta ce ya ƙare. Wanda ya zuba wa Mali zai riƙe na biyu ya ce a biya shi, wanda ya zuba wa Tunisiya zai riƙe na farko ya ce a mayar masa da kuɗinsa, kowannensu kuma da hujjarsa daga takarda ɗaya. A irin wannan wuri ne ake bukatar a san abin da doka ta tanada.

Kundin dokokin mu'amala na Nijar, wanda lauyoyi ke kira Code civil, an gaje shi ne daga Faransa, asalinsa kuma ya koma shekarar 1804, zamanin Nafoliyon, kuma yana da ƴan sassa da aka keɓe musamman don fassara yarjejeniya, waɗanda ɗalibin fiƙihu in ya karanta su ba zai ji su baƙi ba. Sashe na 1156 yana umartar alƙali ya nemi maƙasudin da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kansa, kada ya daskare a kan zahirin lafazi; na 1159 ya ce abin da ya shige duhu a koma da shi ga al'adar wurin da aka ƙulla, kamar dai yadda malamanmu ke komawa ga urfi; na 1161 ya ce sharuɗɗa suna fassara juna, ba a tsinko ɗaya a yi hukunci da shi shi kaɗai; na 1162 kuwa, wanda shi ne ya fi shafar maganarmu, ya ce in duk an bi waɗannan shakka ba ta gushe ba, to a fassara sharaɗin a kan wanda ya gindaya shi, a sauƙaƙa wa wanda ya ɗauki nauyi. Sashe na 1602 ya ɗora wa mai sayarwa irin wannan: shi ne wajibi ya bayyana abin da ya ɗaukar wa kansa, duk duhun da ya bari kansa zai koma. Hikimar a fili take, domin wanda alƙalami ke hannunsa shi ke da ikon ya rubuta magana sarai, in ya zaɓi ya bar ta da baki biyu don ya ɗauki wanda ya yi masa daɗi ranar rigima, to adalci ne a hana shi wannan zaɓi. Sai dai lauyan kamfani mai wayo yana iya juya sashe na 1162 ya ce ai wanda ya ɗauki nauyin biya shi ne kamfani, shi ya kamata a sauƙaƙa wa. Irin wannan jayayya na cikin abin da Faransa ta toshe a gyaran dokarta na 2016, inda sabon sashe na 1190 ya faɗa ƙarara cewa yarjejeniyar da ɓangare ɗaya ya tsara ɗayan ya karɓa kawai, ana fassara ta a kan wanda ya tsara. Kada kuma a manta wannan rangwame na mai shakka ne kaɗai. Sharaɗin da ya fito fili, ko da ɗaci gare shi, sashe na 1134 ya mai da shi doka a kan waɗanda suka ƙulla.

Akwai wani sharaɗi da kusan babu gidan cacar da ba ya ɗauke da shi, wanda ke cewa in an yi kuskure bayyananne wajen sa ribi, ko na'ura ta sami tangarɗa, kamfani na da ikon soke tikiti ko gyara shi bayan wasa ya ƙare. Wa ke yanke cewa kuskuren bayyananne ne? Kamfanin da kansa, shi ne abokin shari'a shi ne alƙali. A Amurka, cikin watan Satumba na 2018, a jihar New Jersey, wani mutum ya zuba dalar Amurka 110 a gidan FanDuel a kan ribin da na'ura ta fitar bisa kuskure na ƴan daƙiƙoƙi, tikitinsa ya nuna fiye da 82,000. Kamfanin ya fara ƙi da hujjar kuskure, sa'an nan da maganar ta cika jaridu, hukumar kula da caca ta jihar kuma ta shiga bincike, ya biya. A Ingila wani mutum ya ci kimanin fam miliyan 1.7 a wani wasan karta na intanet a gidan Betfred cikin Janairu 2018, kamfanin ya ce tangarɗar na'ura ce, aka yi ta shari'a har watan Afrilu na 2021, babbar kotu ta ba mutumin gaskiya, bisa dalilin cewa lafazin sharuɗɗan bai fito fili ya rufe irin wannan tangarɗa ba, kuma an binne su inda mai wasa ba zai lura ba. Amma kada wani ya ɗauka kullum ƙaramin ne ke yin nasara: wata mata da allon wasan cacar ƙasa ta Ingila ya nuna mata kamar ta ci fam miliyan 1, alhali rajistar na'ura fam 10 ta rubuta, ta faɗi a kotun ɗaukaka ƙara cikin Maris 2024, alƙalai suka ce dangwala akwatin nan ya isa yarda, sharuɗɗan kamfanin Camelot mai gudanar da cacar a lokacin kuma sun bayyana cewa abin da ke cikin rajista shi ne abin dogaro. Waɗannan biyun na Ingila ba cacar ƙwallo ba ce, amma sharaɗin da aka yi jayayya a kansa ɗan'uwan wanda ke cikin wayar ƴaƴanmu ne, kuma abin lura shi ne kowannensu ya ɗauki shekaru, da lauyoyi, a ƙasar da kamfanin ke da ofis da lasisi da sunan da yake tsoron ya ɓaci.

Mai da'awa shi ke kawo hujja, a shari'a da dokar boko duka, hujjar ɗan caca kuwa rarrauna ce. Tikitin rumfa ana buga shi ne a kan ƴar siririyar takardar nan mai santsi wadda zafi ke cinye rubutunta, in ta yi kwana biyu a aljihun riga cikin ranar Afrilu ta Tanut, da gumi, sai ka warware ta ka tarar lambobin sun dushe, alhali gidajen caca suna da wa'adin karɓar kuɗi, kuma ba su biyan tikitin da ba ya karantuwa. Na cikin waya kuma yana hannun kamfani, in ya rufe asusu ya rufe da tarihin duka, sai fa wanda ya ɗauki hoton tikitinsa da na sharaɗin tun ranar da ya zuba, da saƙon da ya nuna fitar kuɗi. Ga kuma tarkon suna: lokacin zuba kuɗi ba a cika tsananta tambayar ko kai wane ne ba, amma ranar cire kuɗi masu kauri sai a ce kawo katin shaida, in sunan da ke kan layin waya ya saɓa da na asusu, ko aka gano mai wasan bai kai shekara 18 ba, sai a riƙe kuɗin bisa sharaɗi, a ƙasar da rabin gida ke amfani da layin mutum ɗaya. Kuɗin kyauta da ake yi wa sabon shiga tayi da su ma ba su ciruwa sai an sake zuba su sau da yawa a kan ribin da kamfani ya ƙayyade, akwai kuma iyakar abin da gida ke biya a tikiti guda, kome yawan abin da lissafi ya nuna.

Ko da hujja ta cika, saura a san inda za a kai ta. Sashe na 1965 na kundin dokokin mu'amalar nan ya ce doka ba ta sauraron ƙarar bashin caca, na 1967 kuma ya ce wanda ya faɗi ya biya da son ransa ba ya neman a mayar masa sai in an yi masa zamba. Kotunan Faransa sun daɗe da yanke cewa wannan katanga ba ta tare cacar da hukuma ta ba izini, saboda haka tambayar farko ita ce ko gidan da aka zuba wa kuɗin yana da izinin aiki a Nijar. In yana da shi, akwai ƙofofin da za a ƙwanƙwasa: ofishinsa da wasiƙa a rubuce, ƙungiyoyin kare masu saye irin su ADDC-Wadata, dokar kare haƙƙin masu saye ta watan Mayu 2015, kotun Tanut, da manyan kotunan Damagaram mai nisan kusan kilomita 150, in kuɗin da ake jayayya a kansu sun kai a biya mota da lauya. Mai gari da hakimi suna iya sasanta yaro da mai rumfa, amma mai rumfa wakili ne mai cin la'ada, ba shi ya rubuta sharaɗi ba, ba shi kuma da mabuɗin na'ura. In kuwa gidan na intanet ne zalla, irin waɗanda da yawansu rajistarsu ke tsibirin Kurasawo can tekun Karibiyan, to can ƙarshen shafukan nan da ba a karanta ba galibi akwai layin da ke cewa duk wata jayayya dokar can da kotun can ne za su raba ta, sammacin kotun Tanut kuwa ba shi da wanda zai miƙa wa.